Tsakanin Mutum da Rawar da Ya Taka: Gardamar Ƴan Kallon Fim a Yamai

Duk wanda ya saba zama a fadar shayi a Yamai, ko a Bukoki ne, ko a Wadata, ko a ɗakunan kwanan ɗalibai da ke ƙetaren kogi a Harobanda, ya san cewa in an cire ƙwallon ƙafa da kokawar gargajiya, babu abin da ya kai fim ɗin Hausa saurin raba kan majalisa. Ana shan shayin farko cikin raha, kafin a kai ga na uku murya ta fara tashi. Wannan ya ce Ali Nuhu ba shi da na biyu, wancan ya ce ai fuska ɗaya yake sawa a kowane fim, Adam A. Zango ya fi shi taɓa zuciya. Wata ta rantse tun da Nafisa Abdullahi ta bar shirin Labarina ba ta ƙara kallonsa ba, domin a wurinta Sumayya ɗaya ce. Ƙawarta ta ce wadda ta gaje ta ba ta rage komai ba. Can gefe kuma wani magidanci ya yi tsaki, ya ce tun da ƙasa ta rufe idon Rabilu Musa Ibro a 2014 aka daina fim.

Wannan saɓani ba abin ƙi ba ne. Abincin wani gubar wani, kuma sana'ar da aka daina gardama a kanta ta kama hanyar mutuwa. Abin da ya kamata ya ja hankalin mai nazarin harshe shi ne, sau da yawa masu gardamar ba a kan abu ɗaya suke magana ba, ko da yake kalma ɗaya suke furtawa. Idan mutum ya ce ba ya son wance, yana iya nufin ba ta iya wasa ba, ko yana nufin matar da ta fito a matsayinta muguwa ce, ko kuma yana nufin ita kanta, ƴar mutane mai iyaye da dangi, ba ta da hali. Abubuwa uku ke nan: gwaninta, da rawar da aka taka, da mutumin da ya taka ta. Ra'ayin da wannan maƙala ke karewa shi ne, cakuɗa waɗannan ukun yana da tushe a cikin kalmomin da ake amfani da su, kuma yana jawo ɓarna wadda mata suka fi ɗanɗana, kuma birnin Yamai ya ga misalinta tun kafin a san za a yi wani abu wai shi Kannywood.

Kalmomin da ake gardama da su

A fara da kalmar jarumi. A Hausar kaka da kakanni, jarumi shi ne sadauki, wanda ba ya ba da baya a fagen fama, wanda maroƙa ke wasawa da kirari. Da fim ɗin bidiyo ya kafu a Kano, daga Turmin Danya na 1990 zuwa bunƙasar da aka samu a ƙarshen shekarun 1990, sai kalmar ta faɗaɗa. Da farko ta koma kan wanda labari ke zagayawa a kansa, daga nan ta zame ta koma kan duk wanda ya fito a fim. Yau mujallu da gidajen rediyo suna kiran wanda kullum yake fitowa a ɓarawo ko a boka da jarumi, ba tare da kowa ya ji wani banbaraƙwai ba. Faɗaɗar ma'ana abu ne da kowane harshe ke yi, amma tsohuwar ma'ana ba ta mutuwa farat ɗaya. Tana nan kwance a ƙarƙashin sabuwar, tana raɗa wa mai sauraro cewa wanda aka kira jarumi wajibi ne ya zama abin koyi. Shi ya sa ɗan kallo ke jin kamar an yaudare shi idan jarumar da yake so ta fito a matar banza.

Kalmomin aro ma sun bi wannan hanya. A bakin yaran da suka tashi da kallon finafinan Indiya da na Sin, akta ba ya nufin mai sana'ar wasa. Yana nufin gwarzon labari, wanda ake dukansa ba ya mutuwa, kishiyarsa kuwa shi ne bos. A Yamai, inda aron ya biyo ta Faransanci, an sami aktar da shef bandi, da ma'anoni iri ɗaya. Abin lura a nan shi ne, harsuna biyu na Turawa sun ba da kalmar da ke nufin mai sana'a, amma ƴan kallo a ɓangarorin iyaka biyu, ba tare da sun yi taro ba, suka mayar da ita sunan mutumin cikin labari. Wato kalmar da ya kamata ta raba mutum da rawarsa ita ce ta haɗe su.

Ko a cikin aji ba a tsira ba. Malamin adabi idan ya ce taurari, mutanen cikin labari yake nufi, babban tauraro da ƙananan taurari. Ɗan jarida idan ya ce taurari, fitattun ƴan wasa yake nufi, kamar yadda sunan mujallar Tauraruwa ta Kano ya nuna, wadda a shafukanta aka raɗa wa masana'antar suna Kannywood. Ɗalibin da ya rubuta cewa tauraruwar ba ta da tausayi, ba a san ko wadda aka ƙaga yake zargi ba, ko wadda aka haifa.

Sai kuma laƙabi. Hausawa sun ce suna linzami ne, kuma a duniyar wasan kwaikwayo linzamin yakan fi ƙarfin doki. Mutane nawa ne suka san Samanja Mazan Fama da sunansa na yanka, Usman Baba Pategi? Ibro ya haɗiye Rabilu Musa, Kamaye na Daɗin Kowa ya haɗiye Ɗan'azumi Baba, Baba Ɗan Audu na Labarina ya kusa haɗiye Rabi'u Rikadawa. Wannan wata irin karramawa ce, domin tana nuna wasan ya shiga jiki. Amma idan sunan rawa ya zama sunan mutum, halin rawar ma yakan bi shi har gida. Wannan cuɗanya ta sunaye tsohuwa ce a tarihin siliman Nijar. A fim ɗin Jean Rouch mai suna Moi, un noir na 1958, samarin Nijar da ke ci-rani a unguwar Treichville ta Abijan sun ɗauki sunayen ƴan wasan da suke kallo: Umaru Ganda shi ne Edward G. Robinson, wani abokinsa kuma Eddie Constantine. A can ɗan kallo ne ya ari sunan ɗan wasa ya yafa. A nan ɗan kallo ne ke yafa wa ɗan wasa sunan rawarsa, ya hana shi tuɓewa.

Duk da haka, Hausa ba ta rasa hanyar rarrabewa ba. Jimlar da ake cewa wane ya fito a mugu, ko wance ta fito a uwar miji, jimla ce mai tsabta: ga mai fitowa, ga abin da ya fito a cikinsa, ɗan ƙaramin harafin nan a yana tsaye tsakaninsu kamar labule. Matsalar tana farawa ne lokacin da zafin gardama ya ture labulen, a bar cewa ta fito a muguwa, a koma cewa muguwa ce.

Abin da ya sami Zalika Sule

Wanda ke ganin wannan duk wasa da kalmomi ne, ya dubi rayuwar Zalika Sule. An haife ta a Yamai a 1947, ta fara fitowa a fim tana budurwa, a cikin Le Retour d'un aventurier na Mustafa Alhasan a 1966, labarin samarin ƙauye da suka sa tufafin kaboyi suka dami jama'a. Daga nan ta zama ƴar wasan da manyan masu shirya fim na Nijar suka dogara da ita. Ta fito a Le Wazzou polygame na Umaru Ganda, fim ɗin da ya ciyo wa Nijar babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972, karo na farko da aka ba da wannan kyauta. Ta yi aiki da Jingare Maiga da wasunsa. A lokacin da Nijar ke cikin sahun gaba a siliman Afirka, fuskarta na cikin fuskokin da duniya ta san ƙasar da su.

Sai dai rawar da aka riƙa ba ta ita ce wadda sauran mata ke gudu: mai kishi, mai yaudara, mace mai zaman kanta. Ta taka su da gwaninta, gwanintar kuma ta zame mata laifi. Jama'ar garinsu da yawa suka ɗauki abin da suka gani a majigi a matsayin halinta, aka riƙa yi mata kallon banza da baƙar magana. Rahamatu Keita ta tattara wannan tarihi a fim ɗinta Al'lèèssi, wanda aka nuna a bikin Kan na Faransa a 2005, inda Zalika da bakinta take ba da labari. Da harkar silima ta durƙushe a ƙasar, matar da ta wakilci Nijar a bukukuwan duniya ta faɗa cikin ƙunci, har ta yi ƙaura zuwa ƙasar waje tana aikin gida a gidajen mutane. Ta rasu a 2021.

Ba a cewa kalma ce kaɗai ta yi mata wannan. Rashin kuɗi da rufewar gidajen silima da sakacin hukuma duk suna da nasu kaso. Amma abin dubawa shi ne, mazan da suka rubuta waɗannan labarai, suka tsara maganganun, suka ce mata yi kaza, sunayensu na kan gine-gine a yau. Cibiyar al'adu ta Umaru Ganda na nan a Yamai, kuma ya cancanci haka. Ita kuwa da ta ba da fuskarta da muryarta, ita aka bari da zagin. Ga shi kuma tarihin bai daina maimaita kansa ba. Saratu Giɗaɗo, wadda aka fi sani da Daso, ta shafe shekaru tana fitowa a mace mai masifa, uwar miji ko kishiya, har mutane da yawa suka ɗauka haka take. Sai da ta rasu a Kano a watan Afirilun 2024 sannan yabon halinta ya cika gari. Yabon da ya zo bayan likkafani bai amfani mai shi da komai ba.

Al'adar da ta san wasa

Wasu kan ce ai Bahaushe ne bai saba da wasan kwaikwayo ba, shi ya sa yake rikicewa. Wannan magana ba ta da tushe. Kakar da ke yi wa jikoki tatsuniya tana maƙale murya ta yi tsamin bakin Gizo, ta yi ƙaryarsa da haɗamarsa, kuma ba a taɓa jin jikan da ya tashi da safe yana zarginta da satar gyaɗa ba. Yaran da ke tashe da azumi suna kwaikwayon tsoho da malami da mai ciki, a ba su sadaka a yi dariya. A Damagaram ana wasan kara, inda matasa ke kwaikwayon sarki da fadawa da manyan gwamnati a gaban masu abin. Yazi Dogo da abokan wasansa sun yi shekaru suna sa ƴan Nijar dariya a dandali da rediyo da talabijin, suna fitowa a alhaji mai rowa ko ma'aikaci maciyin hanci. Al'ummar da ta ƙirƙiri kalmar kwaikwayo ta san bambancin abu da kamarsa.

Abin da duk waɗannan ke da shi, wanda fim ke rasawa, shi ne shinge. Tatsuniya tana da mabuɗi da marufi: a ce ga ta nan ga ta nanku, a rufe da ƙurunƙus, har mai bayarwa ta amsa da bakinta cewa ƙarya ta gilla. Tashe yana da watansa da gemun auduga. Dandali yana da labule. Fim kuwa yana nuna fuskar gaske, a cikin ɗaki na gaske, da hawaye masu kama da na gaske. A da, ko ba komai, akwai tikiti da duhun silima da jerin sunaye a ƙarshe. Yanzu abin da ke yawo a wayoyi ta TikTok da WhatsApp guntu ne na daƙiƙa talatin, an yanke kai an yanke gindi, ba sunan fim, ba sunan marubuci: mace ce kawai tana zagin surukarta. Wanda ya ga wannan guntu bai ga wasa ba, ya ga shaida.

Masana harshe sun daɗe da ba da kayan aikin warware wannan. J. L. Austin, a littafinsa na 1962, ya nuna cewa akwai furucin da shi kansa aiki ne, kamar alkawari da rantsuwa da saki, amma idan ɗan wasa ya furta shi a dandali sai ya zama fanko, domin sharuɗɗansa ba su cika ba. Muhawarar da akan yi a ƙasar Hausa kan matsayin aure da saki a cikin fim tana nuna cewa wannan batu ba na aji kaɗai ba ne. Hukuncinsa na malaman addini ne, amma tambayar da ke ƙarƙashinsa, wato yaushe magana ke zama aiki, tambaya ce ta ilimin harshe. Erving Goffman kuma ya raba mai magana gida uku: mai furtawa, da mai tsara kalmomin, da wanda maganar ke wakiltar matsayinsa. A hira ta yau da kullum mutum ɗaya ne ke riƙe da ukun. A fim, ƴar wasa mai furtawa ce kawai. Marubuci ne ya tsara, mutumin cikin labari ne mai matsayin. Ɗan kallon da ya tare ta a kasuwa ya ɗora mata kaya uku, alhali ɗaya ta ɗauka.

Kunne ma yana yanke hukunci

Akwai wani ɓangare na gardamar da ba a cika faɗa a fili ba, wanda ya fi shafar ɗan kallon Nijar. Yawancin abin da ake kira iya wasa, idan aka tona, iya wani karin harshe ne. Finafinan Kano suna magana da Hausar Kano, ko wadda ta yi kusa da daidaitacciya. Saurayi mai ilimi, da budurwa ƴar gidan mutunci, da alƙali mai adalci, da wannan karin suke magana. Sauran muryoyi sau da yawa an ware su ne domin ban dariya: Baban Cinedu da Hausar Ibo, Ɗan Gwari da tasa, buzu maigadi da rawaninsa da gurɓatacciyar Hausa, baƙauye da karin yamma.

To, ɗalibin da ya fito daga Tawa ko Dogon Dutsi ko Birnin Ƙonni, wanda a gidansu ake cewa munka tafi, shina zuwa, ɗiyata, hwaɗa mini, me yake koya idan a majigi ya fi jin waɗannan siffofi a bakin wawa? Me yaron Yamai yake koya, wanda Zabarmanci ne harshen gidansu, kuma rabin Hausarsa daga fim ya tsince ta? Yana koyon cewa akwai Hausar soyayya da mulki, akwai kuma Hausar da ake yi wa dariya. Haka nan kalmomin da Hausar Nijar ta aro daga Faransanci, irin su lakwal da mushe da lokotoro, ba safai ake jin su a bakin babban tauraron labari ba. Alhali kowane ɗalibin shekarar farko ya san cewa babu karin da ya fi wani a tsari, kuma karin yamma ya adana tsofaffin siffofi da dama da na gabas ya sauƙaƙe.

Saboda haka idan aka ji ƴan kallo sun rabu a kan ƴar wasa irin Rakiya Musa, wadda ta fito daga Nijar, ko Hadiza Gabon, wadda ta taso a Libarbil, wasu na cewa harshenta ne ke ƙara mata armashi, wasu na cewa shi ne ke rage mata, ya kamata a gane cewa ba wasan kaɗai ake aunawa ba. Ana auna wace Hausa ce ta cancanci a yi kuka da ita a gaban kyamara. Wannan tambaya ce ta walwalar harshe, kuma amsar da ƴan kallo ke bayarwa kullum, ba tare da sun sani ba, tana tasiri a kan yadda yara za su ɗauki harshen iyayensu.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Adalci ne a saurari masu cewa ƴan kallo ba su yi laifi ba. Hujjarsu ta farko ita ce, ƴan fim da kansu ne suka ce su masu faɗakarwa ne, masu gyaran tarbiyya. Wanda ya hau mumbari ba zai yi ƙorafi ba idan aka duba ko aikinsa ya dace da wa'azinsa. Ta biyu, ɗan wasa ba ɗan tsana ba ne. Yana karanta labari kafin ya amsa, yana da ikon ƙi. Ta uku, a zamanin Instagram ƴan wasan ne da kansu ke rushe shingen, suna tallar rayuwarsu da sunan rawar da suka taka, suna cin riba da cakuɗewar. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Waɗannan hujjoji suna da nauyi, kuma ba wanda ya ce kada a soki ɗan wasa. Ana iya sukar zaɓinsa, ana iya sukar abin da ya aikata da sunansa a bainar jama'a, kamar yadda ake yi wa kowane sananne. Kano tana da hukumar tace finafinai tun 2001, ƙungiyar masu shirya finafinai ma tana hukunta ƴaƴanta, kamar yadda ta kori Rahama Sadau a 2016 saboda wani bidiyon waƙa. Ko mutum ya yarda da hukuncin ko bai yarda ba, an dai yi shi ne a kan abin da ake ganin ta aikata. Wannan daban yake da a tsani mace saboda ta iya fitowa a kishiya. Hasali ma hujjar faɗakarwa tana juyowa kan masu ita: ba a faɗakarwa a kan mugunta sai an nuna mugu, kuma ba a nuna mugu sai wani ya yarda ya ara masa fuska. Al'ummar da ke son a nuna mata illar kishi, sannan ta jefi wadda ta nuna, tana so ne a yi mata aski ba tare da an taɓa kanta ba.

Ɓarnar kuma ba ta tsaya kan ƴan wasa ba, tana komawa kan fim ɗin kansa. Idan fitowa a mugu na jawo zagi, gwanaye za su guje shi, a bar shi ga waɗanda za su yi shi da ihu da zare ido. Idan ƴan kallo ba su yarda su ga wanda suke so a wata kama ba, furodusa zai ci gaba da ba shi rawa ɗaya har ya tsufa a cikinta, sannan waɗannan ƴan kallon su dawo suna ƙorafin cewa finafinan duk iri ɗaya ne. Farin jinin da Baba Ɗan Audu ya samu, tsoho mai wayo da son abin duniya wanda jama'a ke tsine wa halinsa suna yaba wa mai taka shi, ya nuna cewa ƴan kallo suna iya rarrabewa idan sun so. Abin tambaya shi ne me ya sa wannan rangwame ya fi sauƙin samuwa ga namiji.

Aikin da ke jiran ɗaliban harshe

Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa a Nijar, hankali ya fi karkata ga kalmomin mulki da shari'a da kimiyya. Wannan daidai ne, amma harshen da zai ɗauki nauyin ƙasa yana bukatar kalmomin suka da nazari ma, waɗanda jama'a za su yi gardama da su ba tare da sun ji wa juna rauni ba. A nan sashen nazarin harsuna na Jami'ar Abdu Mumuni yana da abin yi, kuma kayan aikin na bakin ƙofa.

Na farko, a tattara. Fadar shayi da wurin kitso da tashar mota cike suke da bayanai: yadda ake kiran ƴan wasa, da laƙabin da ake ba su, da yadda mai magana ke tsallakawa daga Hausa zuwa Zabarmanci zuwa Faransanci a cikin jimla ɗaya idan gardama ta yi zafi, da inda yake sa ta fito a, da inda yake yar da shi. Da izinin masu magana, wannan ya isa kundin digiri fiye da ɗaya. Na biyu, a ƙirga. A ɗauki shiri guda mai dogon zango, a duba wane kari aka ba wane irin mutum, domin zargin da aka yi a sama ya tashi daga abin da kunne ke ji ya koma abin da aka auna, ko ya tabbata ko ya rushe. Na uku, a daidaita kalmomi, ko da a rubuce-rubucen ɗalibai ne kawai: ɗan wasa ga mai sana'a, tauraron labari ga wanda aka ƙaga, rawa ga abin da ke tsakaninsu, a bar jarumi ga wanda ya yi jarunta. Ba a tilasta wa kasuwa kalma, amma abin da aji ya riƙe da gaske yakan bi malamai da ƴan jarida ya isa gari.

Na huɗu, a kalli na gida. Ɗalibai da yawa da za su iya jero finafinan Ali Nuhu ashirin ba su taɓa ganin Zalika Sule a majigi ba, ba su san Damure Zika da Lam Ibrahim Diya da Tallu Muzuran ba, waɗanda suka yi Cocorico Monsieur Poulet a 1974. Wanda bai san ƙasarsa ta taɓa haifar ƴan wasa ba, ba zai san ta taɓa wulaƙanta su ba, balle ya kiyaye.

Gardamar fada za ta ci gaba, kuma ya kamata ta ci gaba. Ba a taru an zama ɗaya ba. Masu son Ali Nuhu da masu son Adam Zango ba sa bukatar sulhu. Abin da ake bukata ƙarami ne: idan wani ya buɗe baki ya ce wance ba ta da kirki, a samu ɗaya a majalisar, ko da mai zuba shayi ne, ya tambaye shi wa yake nufi, wadda aka rubuta ko wadda aka haifa. Da an sami masu yin wannan tambaya a Yamai shekara hamsin da suka wuce, da wataƙila Zalika Sule ta ji yabonta da kunnenta.